Inda Kibiriti Zai Fuskanta

Masu haƙa kabari sun iso tun raɓa ba ta bushe ba, su uku, da diga da shebur, amma har rana ta take ba wanda ya sari ƙasa. Suna zaune a gindin ayaba suna shan shayin da ba su yi wa aiki ba. Babbansu, Otwane, ya taso riƙe da hularsa ya sake yi wa Nakumicha tambayar da ya yi mata da safe.

"Mama, ina tsohon zai fuskanta?"

Nakumicha ta dube shi kamar farashin gawayi ya tambaye ta. Tun da aka kira ta daga kasuwar Eldoret aka ce mahaifinta ya cika, ba ta yi kuka ba. Ba daurewa take yi ba, kukan ne bai zo ba. Ta hau mota, ta sauka, ta ɗaure masa haɓa da ɗankwalinta, ta ɗora ruwan shayi. Cikinta dai shiru, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya.

"A jira dattawa," ta ce.

Garin nasu, Matofali, gonar Bature ce a da. Da ya tafi aka yanka ta gunduwa-gunduwa aka raba wa duk wanda ya samu, shi ya sa babu irin ƙabilar da babu a garin: Bukusu, Sabaot, Teso, Kikuyu, har da Turkana masu gadi. Da rai kowa na kowa ne. Kasuwa ɗaya suke ci, suna auren juna, suna cutar juna da harshe ɗaya. Amma ranar da mutum ya mutu sai a tuna ko shi wane ne, a kwantar da shi yana kallon inda kakanninsa suka fito. A Matofali kudu ta Bukusu ce, yamma wajen dutse ta Sabaot da Teso, gabas ta Kikuyu, arewa ta Turkana. An rabe kusurwoyin duniya tsaf, ba a rage wa Kibiriti, mahaifinta, ko ɗaya ba.

Sunan ma ba nasa ba ne, a yaren can ashana yake nufi. Matar Baturen ce ta laƙa masa, don shi ke hura mata wuta tun yana ɗan mitsitsi, kuma ba wanda ya san wanda ya ajiye shi a bakin ɗakin girkinta. Ya tashi yana jin kowane yare kamar a ciki aka haife shi. Da Sabaot yake zagin shanu, da Kikuyu yake ciniki, da Bukusu ya nemi aure. Saboda haka Bukusu suka ce Teso ne, Teso suka ce Sabaot ne, Sabaot suka ce ai da ganin ƙwaurinsa ka ga Turkana. A rikicin zaɓe sau biyu aka ƙone masa rumbu, sau ɗaya waɗannan, sau ɗaya waɗancan. Ya tsaya a kan tokar ya ce to madalla, ashe kowa na tunawa da shi.

Abu ɗaya ya roƙi 'yarsa a duniya, kuma ya roƙa har ta gaji da ji: a binne shi a cikin gonarsa. "Ƙasar nan kaɗai ce ta san sunana," yakan ce. Ga shi tun da safe mai unguwa ya aiko cewa gawa ba ta kwana uku a ɗaki a wannan zafin. In dattawa ba su daidaita yau ba, gobe mota za ta zo ta kai shi maƙabartar gwamnati a Kitale, inda ake jera waɗanda ba su da kowa.

Dattawan sun zo bayan azahar, su biyu, don sauran sun aiko da uzuri. Wepukulu ƙanin mahaifiyarta ne, Bukusu, mai sandar da ta fi shi tsawo. Chemengich kuma dattijon Sabaot ne, wanda ya shekara arba'in yana shan giyar gero da mamacin a tukunya ɗaya. Suka yi mata gaisuwa, suka ci tuwon masara da ganye har suka suɗe, sannan aka shiga magana.

"Kawu," ta ce, "ya auri 'yar'uwarka. Ya biya shanu. Ku ba shi kudu."

Wepukulu ya goge baki. "'Yata, shanu mata suke saye, ba kakanni ba. In na tura shi wajen namu, su ce wane ne wannan, me zan ce? Baƙon gawa in ta ɓata hanya gidan masu rai take dawowa. Ina da jikoki."

"An yi masa kaciya irin taku," ta ce.

"A asibiti, da gemunsa, don mu ba shi mata. Likita ne ya yi, ba wuƙarmu ba." Ya juya. "Chemengich, ai naku ne. Wa ya taɓa jin mutum ya zagi saniya haka in ba a nono ya sha ba?"

"Kai dai tsohon banza ne," in ji Chemengich. "Aku ma yana zagi, ka taɓa ganin an binne shi yana kallon dutse? Abokina ne, ban musa ba. Amma dutse ba nawa ba ne ni kaɗai. In na ba shi, gobe a ce Sabaot sun kafa kabari a tsakiyar Bukusu, su zo su ƙone nawa rumbun."

Suka yi ta yi, wannan ya tura wa wancan, cikin raha kamar masu musun wanda ya fi iya noma. Nakumicha tana kallon ƙuda yana zagaya bakin kofi. Ta san ya kamata ranta ya ɓaci, ta neme shi ta rasa.

Can Chemengich ya buga cinya ya ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a duba bakin mamacin. A zamaninsu kowace ƙabila da irin haƙoran da take cire wa 'ya'yanta, wasu biyu na ƙasa, wasu shida. Wepukulu ya rantse ya tuna giɓin Kibiriti, kuma ba irin nasu ba ne. Chemengich ma ya rantse ya tuna, ba irin nasu ba ne. Kowa dai ya tuna giɓin da ba nasa ba.

"Baba ba shi da haƙori ko ɗaya," ta ce. "Kun sani. Shekara nawa kuna tsokanarsa da gasasshiyar masara?"

"Dasashi ba ya mantuwa," in ji Chemengich. "Wanda aka cire da ƙuruciya daban yake warkewa."

Ba ta hana su ba. Ta shiga gaba, ta kwance ɗankwalin da ta ɗaure da hannunta, ta koma jikin bango ta tsaya. Tsofaffi biyu suka duƙa a kan mahaifinta, suka buɗe masa baki da ƙyar, suna shafa dasashinsa da yatsa kamar masu sayen akuya. Suka daɗe. Wepukulu ne ya fara miƙewa, yana goge yatsa a wandonsa, bai yarda ya haɗa ido da ita ba.

"Sumul yake," ya ce. "Ko'ina ɗaya."

Ta mayar da ɗaurin, ta gyara kullin a saman kansa. Suka fito tsakar gida. Inuwar ayaba ta riga ta yi tsawo, Otwane ya fara tattara shebur.

"To, 'yata," in ji Wepukulu a hankali, "al'ada ba ta ce komai ba sai a juya mutum inda ya fito. Mu ba mu sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Kitale ma ai ƙasar Allah ce."

Duk gidajen Matofali hanya suke kallo, ban da na Kibiriti. Shi ya juya ƙofarsa baya, mutane suka yi ta yi masa dariya. Dalilin yana can ƙetaren masara, tsakanin gabas da arewa: bututun hayaƙin gidan Bature, jan bulo, shi kaɗai ya rage a tsaye. Nakumicha ta taɓa tambayarsa tana yarinya, suna ɓarzar masara, rigarsa a tuɓe, tabon bulala a jere a bayansa. Ya ce mata, "Tun ina tsawon buhun nan nake kallon bututun can. In hayaƙi bai tashi da wuri ba, bayana ne ke biya. Na gama kallonsa, Nakumicha. Ko a mafarki ba na so." Har ya tsufa, in zai je kasuwa ta doguwar hanya yake bi.

Ta zagaya bayan ɗakin, dattawan suka biyo ta. Ta ɗaga hannu ta nuna.

"Can ya fito."

Chemengich ya buɗe baki, don shi ma ya san labarin ƙofar, sai ya rufe. Wepukulu ya kanne ido ɗaya, ya auna da sandarsa. Ba kudu ba ne, ba dutse ba ne, bai taɓa gabas sosai ba, bai kai arewa ba.

"Wannan ba ta kowa ba ce," ya ce, har da ajiyar zuciya. "Kai, yarinyar nan da kai take. Ai shi ke nan."

Otwane ya kafa turke, ya ja igiya, ya tsuguna ya saita ta da bututun, ya ce wa ɗaya daga cikin mutanensa ya matsa hagu kaɗan. Mutum ne mai son aikinsa ya fita daidai. Sannan ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗaga diga.

Nakumicha ta koma ɗaki ta zauna kusa da gawar. Tana jin saran diga a bayan bango, ƙasar da taushi, ba za su daɗe ba.

"Baba, ka samu gonarka," ta ce.

Ta ɗan jira, kamar zai amsa. Sannan ta kwance ɗankwalin daga haɓarsa, ta ninka shi biyu, ta ɗaure masa idanu.