Rubutun Ƙarƙashin Matakala

"Mama, me ya sa ba ki faɗa wa baƙuwar kin goge rubutun ba?"

Ɗiyata Jagna ce, 'yar shekara biyar, ta yi tambayar a gaban Malama Kornelia, wadda ofishin kula da gidajen tarihi ya turo. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Za a faɗaɗa titin ƙauyenmu. In gidanmu bai shiga rajistar gidajen tarihi ba, za a sare rumfar gaba mai ginshiƙai bakwai, ɗakin Jagna kuwa a kanta yake zaune. Malama Kornelia ta shafe awa guda tana neman abin da zai nuna shekarun ginin, ba ta samu ba.

Dole na faɗi gaskiya. Bara sartse ya shige wa yarinyar a tafin hannu, sai na ɗauki samfefa, takardar goge katako, na bi katakon gidan kaf, har inda hannuna ya kai ina tsaye bisa kujera. Na ga waɗansu yanke-yanke a mahaɗar katakai, na ɗauka ɓarnar mijina Witek ce tun yana yaro, na goge su tas.

Surukata Halszka tana yanka kabeji, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ɗana ko burodi bai iya yankawa daidai ba, balle itace."

Malama Kornelia ta dafe goshi. Ta ce alamun kafintoci ne. A ƙasa suke sassaƙa katakan, su sa wa kowanne lamba kafin a ɗaga, kuma da irin yankan ake gane zamanin.

Jagna ta ja mata riga, ta ce akwai saura a inda Mama ba ta iya shiga. Ta kai ta ƙarƙashin matakala, maɓoyarta ranar wanka. Wata shida ke nan ina ce wa Witek ya toshe ramin nan saboda gizo-gizo, yana ce mini gobe.

Matar ta rarrafa da tocila, ƙafafunta a waje. Can muka ji tana dariya. Lambobin suna nan reras, har da shekara, 1798.

An kafa mana allon rajista kafin sanyi ya shigo, titi kuma ya kauce ta wajen gonar dankali. Witek har yau cewa yake lalacinsa ne ya ceci gidan.

Ni dai ban yi nadamar raba 'yata da sartse ba. Amma ke mai tsohon gida, in kin ga yanka a jikin katako, ajiye samfefar nan, ki tambaya tukuna.