Buhun Matattun Fitilu

Ƙwan fitilar ya suɓuce daga hannunsa, ya daki siminti, ya tarwatse. Irin mai murɗaɗɗen gilashin nan ne da ba ya shan wuta. Farar hoda ta bazu har gefen tabarma.

"Injiniya, an yi aiki," in ji matarsa tana dariya. Ta rufe taga don kada iska ta watsa gilashin, ta ɗauko tsintsiya.

Sana'arsa ke nan. Yana bin shaguna yana karɓo matattun ƙwayayen fitila, ya ɓalle gindinsu, ya canza abin da ya ƙone, ya sayar wa marasa ƙarfi. Ɗakin kwanansu ne shagonsa. Waɗanda suka fashe yana tara su a buhu ƙarƙashin gado. Matar kuwa akwai tsafta: in ta share gilashi, sai ta bi tabarmar 'yarsu da tsintsiyar nan, kada wani ɓarɓashi ya soki Lukuti, wadda ta fara rarrafe.

Tana cikin shara ƙanwarsa ta yi sallama. Ma'aikaciyar jinya ce, ta zo duba yarinyar. Kwana biyun nan Lukuti ta rame, ga yawan kuka, tafin hannunta ya yi ja yana saɓa.

"Matar Yaya, ajiye tsintsiyar nan. Buɗe tagar, ku fito."

"Likita, daga zuwa sai ba da umarni? Ko ruwa ba ki sha ba," ya ce.

Ba ta yi dariya ba.

* * *

A ƙofar ɗaki ta yi musu bayani, tana jujjuya hannun yarinyar. Akwai zaiba mai guba a cikin irin wannan ƙwan. In ya fashe tururinta ke tashi, ba launi ba wari. Tsintsiya ƙara baza ta take yi, rufe taga kuma ya tsare ta a ɗaki.

"Guda ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, Yaya. Nawa suka fashe a nan?"

Buhun ya faɗo masa a rai.

Matar ta ƙura wa hannuwanta ido. "Ni da nake sharewa don in kare ta," ta ce a hankali.

Da ɗakin ya sha iska, ƙanwar ta nuna masa yadda ake yi. Ya kwashe manyan gilasan da kwali, ya ɗebe ƙananan da salatif, ya goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ya zuba a kwalba ya murɗe murfin. Tsintsiyar da tabarmar aka ƙulle a leda.

"Ban ce zaibar ce sanadin ciwonta ba, sai an gwada. Bari mu kai ta asibiti. Kafin mu dawo, buhun nan ya bar ɗakin."

"In kai shi ina?"

Ƙanwar ta saɓa yarinyar a kafaɗa. "An ce wasu wuraren akwai masu karɓa. Ni dai ban taɓa ganin ko ɗaya ba."

* * *

Ya ɗaure bakin buhun tamau, ya nufi juji. Ya tarar da yara suna buga ƙwallo a kai, ba takalmi. Ya tsaya jim, ya wuce. Ya yi tunanin binnewa a fili, sai ya hango rijiyar da unguwa ke sha. Ya koma babban shagon da ya fi ba shi kaya.

Mai shagon ya kwashe da dariya. "Haba Injiniya, kyauta ake dawowa da ita? Ai taimakonka muka yi."

A hanya ya yi ta juya maganar. Shekara da shekaru yana yi musu godiya, ashe sharar da ta dame su yake kwashewa zuwa inda 'yarsa ke kwana. Yanzu kuma duk inda ya sauke buhun, ɗan wani ne zai taka. Ya rasa wanda zai zaɓa.

La'asar ta yi ya dawo da shi yadda ya fita. Ɗakin fes, taga a buɗe, ba su dawo ba tukuna. Ya zauna a kan benci a waje, buhun tsakanin ƙafafunsa.

Ɗan maƙwabciyarsu ya rarrafo yana dariya, ya miƙa hannu zai taɓa. Ya yi sauri ya ɗaga buhun, ya ɗora a kansa, ya miƙe tsaye. Gilasan suna ƙara a hankali kusa da kunnensa.