Muryar da Na Ara wa Ƙarfe

Sana'ata ɗora murya a finafinan waje, kuma ba yabon kai ba, bakina ya iya kwaikwayo. Shi ya ja mini.

Wata rana aka kawo mana fim na wani mutum-mutumin ƙarfe da aka ƙera don shara da wanke-wanke, sai hankali ya fara zuwa masa. Yana son gaya wa masu gidan cewa yana jin zafi, harshen ya ƙi. Sau huɗu ina gwada muryarsa, oga yana cire abin kunnensa.

"Kai Aku, wannan ai muryar mai lafiya ce. Nemo mini wadda ta lalace."

Ban yi wani dogon tunani ba, na karkace baki na yi muryar Baba. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, kalma ɗaya sai ya ja ta kamar mai jan guga. Ni kuwa a gida ba na jira ya ƙarasa. "To Baba, to," in miƙa ruwa, in zame. Amma a gaban makirfo, wallahi har numfashin da yake ja kafin "ni" sai da na kawo. Situdiyo ta kwashe da dariya, oga ya ce an gama.

Da fim ya fito, ƙanwata ta kunna shi a falo da rana tsaka, ta gyara wa Baba matashi. "Baba, zo ka ji aikin Yaya."

Ƙarfen ya tsaya gaban uwar gidan. "N... ni ma... ina... ji."

'Yar ƙanwata ta buga tsalle. "Lah, Kaka ne!"

Ƙanwata ta kashe talabijin, ta yi mini kallon da har yau ban warke ba, ta ja yarinyar suka fita. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kunya dai, irin wadda ba ta da wurin ɓuya.

Na durƙusa gaban kujerarsa zan ba da haƙuri, ya ɗaga hannunsa mai lafiyar. Leɓensa na rawa, yana tattaro kalmomi. Da zagi ne da na gode. Na jira har ya kai.

"Ka... iya," in ji shi. Ya ja numfashin nan. "Ashe... kana... saurarena."