Rabon Gidan Sauro

A wurinmu, mu 'yan ƙabilar Baka na kurmin Lomiye, wanda ya kawo abu daga nesa ba ya magana a kansa. Ko giwa ya kashe, sai ya jingine mashinsa ya zauna yana sosa ƙafa kamar bai yi komai ba, dattawa su raba. Wannan kawaicin ne ya kusa sa na shaƙe surukina Mobila.

A lokacin 'yata Mbeli tana da tsohon ciki, kuma ɗanta na fari zazzaɓin cizon sauro ne ya ɗauke mana shi a daminar da ta wuce, bai ko fara rarrafe ba. Tsoro nake ji sosai, ba na ɓoyewa. Shi ya sa na tasa Mobila a gaba sai da ya tafi bakin titi, inda wata ma'aikaciyar lafiya take ba masu ciki gidan sauro. Ya sha tafiya, ya dawo da guda ɗaya. Mu mata muna rafi muna kwarfar kifi. Gogan naka ya dire ƙunshin a tsakiyar zango, ya koma gefe ya ja bakinsa ya tsuke.

Tsoho Sakanda, yayan marigayi mijina, ya kwance ya ga abu fari mai laushi. Ya dubi bukkokinmu, ya zaro wuƙa.

Ko da na dawo, kowace bukka da ƙyallenta. Rabon Mbeli ko tukunya ba zai rufe ba.

Na ce, "Mobila, zuma ce ta liƙe maka baki?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ai ba kyau mutum ya yabi abin da ya kawo."

"Waƙa aka ce ka yi masa? Ka ce kada a yanka, shi ke nan!"

Sakanda ya tsoma baki. "Ke matar ƙanena, sauro yana zaɓen bukka ne? Kowa yana cizo, kowa ya samu rabonsa."

"Kai da fatarka ta fi ta kada tauri, wane sauro ne zai ɓata bakinsa a kanka?"

Zango ya kwashe da dariya, har Mbeli tana riƙe ciki. Ni kam ban dara ba. Amma al'adar da ta yanka ita ce za ta ɗinke, don a wurinmu in aka ce "ba ni", ba a cewa a'a. Na bi bukka bukka ina miƙa hannu. Wata ta kwance nata daga kai, don har ta yi ɗaurin kallabi da shi. Wani ya tace zuma da nasa, ya zo yana danƙo. Yara kuwa sai da na kore su daga rafi, suna kama jatan lande da rabon uwarsu.

Muka wanke, muka zauna da zaren ɓawon itace muna ɗinki muna waƙa, wannan ta ɗauka waccan ta amsa. Da muka ɗaga shi, sai ga giɓi kamar faifai. Wurin rabon Sakanda ne. Tuni ya ba wani maharbi mai wucewa ya karɓi taba.

Duk muka zuba masa ido. Tsohon yana da riga ɗaya tak a duniya, ja, wadda ko wanka da ita yake yi. Ya yi tsaki, ya yi gunaguni, ya tuɓe ta ya jefo mini in toshe giɓin da ita.

"Aro ne, ba kyauta ba!"

A ƙarƙashin wannan abin mai kama da rigar mahaukaci Mbeli ta yi jegon 'yar da ta haifa, Yeye. Ruwa ya sauka, sauro ya yi ta kukansa a waje, uwa da 'ya ko jikinsu bai yi ɗumi ba har damina ta ɗauke. Sakanda ne zazzaɓin ya kayar, sai da Mobila ya koma bakin titi ya karɓo masa magani.

Ranar da ya miƙe, kai tsaye bukkarmu ya nufo, ƙirji a waje, haƙarƙari duk a fili. Yeye ta rarrafo ta kama ƙafarsa. Ya ɗaga ta sama yana hararar ta.

"Ke ja'ira, yi sauri ki girma. Rigata nake so."

Ta tsula masa fitsari a ƙirji. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na juya, Mbeli ma dariyar take, hawaye na bin fuskarta. Tun da ta rasa ɗanta na fari, ba ta taɓa yarda cewa abin da ta haifa zai girma ba, sai ranar.