Butar Shayin Manaja

"Tsaya, Jan Biro, tsaya," in ji Mai Hoto, ya ɗago hannu daga kan bargo. "Ka sake kashe shi."

Na sauke littafin rubutuna. Shafi uku na cika a daren jiya ina gaban talabijin, ban bar ko kalma ɗaya ba.

"Me na kashe?"

"Ka ce mini sufeto na tsaye bayan manaja, sannan ka ce manaja zai juyo ya gan shi, sannan ka fara labarin. To me ya rage mini?"

"Na shimfiɗa maka yanayin ne don ka fahimta."

"Wa ya ce maka fahimta nake nema?"

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanina da shi, bangon da ko atishawa ba ya tarewa. Kowace Talata da Juma'a, ƙarfe bakwai, ana nuna wani wasan ban dariya na wani manaja marowaci da ma'aikatansa, shi kuwa Mai Hoto ya yi ta ƙyaƙyata yana dukan cinya. Ni da na yi shekara talatin ina gyaran rubutu a maɗaba'a, sai in ajiye littafi in buga bango da takalmi. Wasan da har dariyar ma an naɗa ta ana kunna wa mai kallo, kada ya manta inda ake yi.

Da huhunsa ya lalace, dariya ta zama masa haɗari. Sau biyu ta jawo masa tari har ya suma, likita ya hana, 'yarsa ta ɗauke talabijin ta kai ɗakinta. Shi ne ya aiko a kira ni. Abu ɗaya yake so kafin ya tafi, kuma bai ɓoye ba: ya ƙara yin dariya irin ta da, ko sau ɗaya. Ni zan kalli wasan, in zo washegari in ba shi.

Na ɗauka 'yar za ta hana. Ta dube ni sama da ƙasa a bakin ƙofa.

"Shiga, Baba. Kai ba ka da haɗari."

Matata, Allah ya jiƙanta, ta taɓa cewa in na fara ba da labari har agogon bango hamma yake yi. Ban taɓa zaton maganar ta tsallaka bango ba.

Mako uku ke nan ina zuwa, ko murmushi ban samu ba. Ɗakin na warin man zafi. A saman durowa akwai tsohuwar kyamararsa cikin jakar fata, da hotunan amaren da ba su dawo sun karɓa ba.

"Na karanta abin da masana suka rubuta kan dariya," na ce masa. "Wasu sun ce daga jin fifiko take fitowa, wasu kuma daga rashin dacewar abu biyu."

"Su masanan, sun taɓa sa wani dariya?"

"Ba aikinsu ba ne."

"Na ga alama." Ya ja numfashi, ƙirjinsa na ƙugi. "Ka ga, in na jera mutane zan ɗauke su hoto, kowa ya ƙame kamar an sa masa sitaci. Ba na dannawa. Sai in yi kamar ina gyara wani abu. Da sun gaji, wani ya saki kafaɗa, wata ta harari mijinta, nan nake dannawa. Manajan nan haka yake. Mu mun ga sufeto, shi bai gani ba, sai a bar mu muna dahuwa. Kai kuma kana karanto mini kamar sanarwar kotu."

"Kalmominsu ne, daidai da daidai."

"Fuskarsa fa? Yadda yake gyara wuyan riga in zai yi ƙarya? Ai duk mun san manaja. Ni na yi aiki ƙarƙashinsa, kai ma ka yi. Kai ma ɗin shi ne, in ka ga dama."

Na tashi na tafi ban yi sallama ba. A ɗakina na zauna ina tsara amsoshi masu kaifi, guda huɗu, duk sun fi nasa.

Ranar Talata na kunna talabijin ban ɗauki biro ba. Manaja ya hana shan shayi a ofis, ya kafa takarda a bango. Shi kuwa ya ɓoye ɗan risho ƙarƙashin teburinsa ya ɗora buta. Sufeto ya shigo ya zauna. Suna cikin magana buta ta fara fito. Manaja ya daskare. Ya dubi sufeto, ya dubi silin, ya gyara wuyan riga, sannan a hankali ya tsuke baki ya yi kamar shi ne ke fiton, har yana kaɗa kai. Butar na ƙara ƙarfi, shi yana ƙara ja, idanunsa sun firfito.

Wani sauti ya kuɓuce mini ta hanci. Na waiwaya, ko da yake ba kowa a ɗakin.

Wannan ba ya karantuwa, sai an yi shi. Ina da buta mai fito, ta matata. Laraba ban je ba, Alhamis ma ban je ba. Na tsaya gaban madubi, tsoho mai shekara saba'in da ɗaya, ina koyon daskarewa. Na gano in na tsuke baki da wuri abin ya mutu, in na daɗe ma ya mutu. Sau ashirin na tafasa ruwa. 'Yar ta ƙwanƙwasa ranar Alhamis ta ce yana tambayata. Na ce ta gaya masa gobe, ban gama gyara ba. Duk rayuwata ban taɓa miƙa aiki da kuskure a ciki ba.

Juma'a da hantsi na sa riga mai wuya, na cika buta, na fito. Ƙofarsu a buɗe take, takalma sun cika barandar. 'Yar ta fito, idanunta sun kumbura.

"Da safen nan ya cika, Baba. Bai sha wahala ba."

Na yi addu'ar da ake yi. Sannan na tambaye ta, butar na hannuna.

"Jiya ya ce wani abu?"

"Cewa ya yi wai kana can kana sa wa wasan waƙafi." Ta ga abin da ke hannuna. "Allah sarki, har ka kawo buta. Tamu ta yi kaɗan wa baƙi. Na gode."

Ta karɓa ta shige kicin. Aka matsa mini wuri a kan benci tsakanin wasu maza biyu da ban sani ba, kowa ya sunkuyar da kai. Can sai butar ta fara fito daga ciki, siriri, tana ƙara ƙarfi, kuma an daɗe ba wanda ya tashi ya sauke ta.