Hantsin Ɗantsoho

"Yaya, don Allah ki mayar da shi ciki," in ji Jamaluddeen, ya gitta babur ɗinsa a ƙofar zaure.

Mairo ba ta saki hannayen baron ba. A cikinsa mijinta Ɗantsoho ne zaune kan matashi biyu, an naɗe shi da bargo har wuya, hular sanyi ta rufe masa kunnuwa. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ma ta ɗauke, sai kalma ɗaya da ta rage masa, "to", da ita yake yarda, da ita yake faɗa.

"Matsar da babur ɗinka, hantsi zai wuce mu," ta ce.

"Yayana ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya. A ce duk Gumel ana ganin sa a baro kamar buhun gyaɗa? Har a ofis ana yi mini zancen. Ina keken guragun da na saya masa?"

Keken na ɗaki, an rataye masa zannuwa. Wanda ya ƙera shi bai san rairayin unguwarsu ba. Ranar farko ya nutse a ƙofar gida, sai da maza uku suka ciccibo shi. Baron da Mairo ke kai gyaɗa inji da shi kuwa taya ɗaya gare shi, yana bin gefen katanga inda ƙasa ta yi tauri.

"Ga sanyi kuma," ya ƙara. "So kike ki kashe shi?"

Nan ranta ya ɓaci. Ita ce ke tashi tun kafin kiran salla ta hura gawayi, ta ɗumama ruwan alwala, ta wanke shi, ta wanke shimfiɗa da hannun da duk ya tsage, ta shafe masa faso da man kaɗanya. Mai zuwa ran Juma'a da lemo a leda shi zai koya mata sanyi?

"Wata uku na kulle shi a ɗaki saboda irin maganarka," ta ce. "Ya juya wa bango fuska, koko ma sai ya tofar. Ga shi nan, tambaye shi. Malam, ɗaki ko bakin masallaci?"

Ɗantsoho ya zaro hannun hagu daga bargo, ya nuna waje.

"To!" ya ce, da ƙarfi.

Jamaluddeen ya janye babur yana ƙunƙuni.

Jikin katangar masallaci ta gabas, nan dattawan unguwa ke shan hantsi duk lokacin sanyi. Mairo ta tura baron can, mijin na ba ta hannu, dama, hagu, a hankali, sai ka ce ba ta san hanyar ba. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota tsakanin Maigatari da Damagaram, kuma har yau bai yarda da tuƙin kowa ba.

"Ga Direba nan, a ba shi hanya!" in ji maƙwabcinsu Malam Cindo, tsohon tela. "Yau ma karen motarka ta makara."

"Ai direban ne ya tsaya zaɓen hula, Malam," ta ce.

Aka yi dariya, bakin Ɗantsoho ya karkace, irin dariyarsa ke nan yanzu. Ta tokare tayar da dutse, ta gyara bargon, ta koma gida suyar ƙuli, don mace ba ta zama a nan. Haka suka yi ta yi kullum har sanyi ya kai tsakiya.

Ranar kasuwar Maigatari ce, manyan motoci na ta wucewa a titi. Ɗantsoho ya saba ɗaga yatsa duk lokacin da wani direba ya ɓata canjin giya, dattawa su ce, "An kama wani." Ran nan sau biyu ya ɗaga. Da mota ta uku ta wuce tana gurnani, Malam Cindo ya juya yana jiran yatsa, bai gani ba. Ya taɓa shi. Fuskar da ɗumin rana, amma rai ya yi halinsa.

Da Mairo ta iso, hannunta duk mai, maza suka miƙe za su ɗauke shi.

"Ku bari," ta ce. "Ni na kawo shi, ni zan mayar da shi."

Ta tura baron har gida, tana kauce wa kowane rami kamar yana nuna mata. Sai da ta shiga zaure kuka ya ƙwace mata.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Jamaluddeen ya tsaya a tsakar gida, idonsa jawur.

"Na faɗa miki sanyin nan..."

"Ba a sanyi ya cika ba," ta katse shi. "A rana ya cika, cikin 'yan uwansa maza, ana kiran sa Direba. Da za a dawo mini da shi, gobe ma sai na fitar da shi."

Ya durƙusa gefen baron, ya dafa matashin, ya daɗe a haka.

Washegari ta farka tun kafin kiran salla, ta hura gawayi, ta ɗora ruwan mutum biyu kafin ta tuna. Takaba ta hana ta fita, amma da hantsi ya dubi katanga sai ta leƙa ta jikin labulen zaure. Dattawa na jere kamar kullum. Tsakanin Malam Cindo da liman an bar fili daidai faɗin baro, rana na kwance a wurin, ga dutsen tokare taya inda ta bar shi.