Haƙorin Nafisa

Hajiya Huraira ta cika cokali da zuma ta kai bakin yarinyar. Yarinyar ta kau da kai, ta ƙara danne leɓɓanta.

"Haba Nafisa, zuma ce fa, ba allura ba."

Ko motsi ba ta yi ba.

Jiya da la'asar motar makarantarsu ta sauke su a Tarauni. Yara ne masu rera ƙasidu daga Damagaram, suna zagaya garuruwa a watan Maulidi. Islamiyyar unguwa ce ta gayyato su, aka rarraba su gidajen jama'a. Huraira, wadda 'ya'yanta duk sun yi aure sun bar mata gida shiru a Gyadi-Gyadi, da kanta ta je ta ɗauko biyu, Nafisa da yayarta Amina. Nafisa ce ƙarama a ƙungiyar, kuma ita ke ba da baiti saura su amsa. Ga shi yau da yamma za a yi taron, amma tun bayan karin kumallo babu wanda ya ji muryarta.

Huraira tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Ta taɓa goshi, ta lalubi wuya, ba zazzaɓi, ba kumburi. Ta dafa citta da kanumfari, suka huce a kofi.

Mijinta Malam Muntaka ya fito daga ɗaki yana gyara zaman hularsa. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yanzu ko shago zai leƙa sai da guga da turare.

"Wai har yanzu?" ya ce. "Jiya bakin nan bai huta ba, har cewa ta yi tuwonmu bai kai na Damagaram ba. To ga shi Kano ta rufe shi."

"Malam, bar tsokana. Malaminsu ya bugo waya yana tambayarsu. Me zan ce masa? An ba ni amanar 'yar mutane da murya, na mayar da ita bebiya?"

Amina, da ke rakuɓe a bakin ƙofa tana murza gefen hijabi, ta ce a hankali, "Inna, ba murya ba ce. Haƙorinta ne ya fita. Wajen shan raken da Baba ya sayo."

Huraira ta juya ta kalli mijinta. Shi kuma ya kalli silin.

"Ɗayan na gaba tun a Maraɗi ya faɗi," Amina ta ci gaba. "Yanzu duka biyun babu. Da ta gwada baitinta sai iska ta riƙa fita kamar usur. Ni kuma na yi dariya. Shi ne ta ce ba za ta ƙara buɗe baki ba."

Sai Nafisa ta fashe da kuka, hannu ɗaya a kan baki. Ɗaya hannun ta buɗe, ga ɗan haƙorin a tafinta kamar ƙwayar shinkafa.

Huraira ta rungume ta, ta yi mata bayanin cewa kowa ya yi wawulo yana yaro, wani zai tsiro wanda ya fi wannan kyau. Yarinyar ta saurara tsaf, ta girgiza kai.

Can Malam Muntaka ya ce, "Amina, turo ƙofar nan."

Ya zauna a kan tabarma daidai gaban Nafisa, ya yi bisimilla, ya sa yatsu a baki ya zaro haƙoransa na sama gaba ɗaya. Na roba ne, tun wani haɗarin mota da ya yi yana saurayi, kuma ban da Huraira ko surukansa ba su sani ba. Nan take leɓensa ya lotsa, dattijon nan mai kwarjini ya koma wani tsoho daban. Sannan ya ɗaga kai ya kama rera baitin da ya ji suna maimaitawa jiya.

Abin ba ya sauraruwa. Huraira ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Nafisa ta zuba masa ido, hawaye bai bushe ba, sai dariya ta ƙwace mata.

"Ba haka ba ne, Baba! Ka ɓata shi!"

"To yaya yake? Ku Damagarawa kun fiya iyayi."

Ta miƙe tsaye ta rera masa. Usur ɗin yana nan, ɗan siriri, amma muryar ta cika falon har Huraira ta ji tsigar jikinta ta tashi. Da ta kai ƙarshe, sai ta ɓata rai.

"Ai kai mayar da naka za ka yi. Ni fa?"

Malam ya kalli haƙoran a hannunsa, ya kalli ƙofa.

"In kin hau kin rera, ni ma haka zan je. A sahun gaba zan zauna, ina yi miki murmushi."

"Malam," Huraira ta ce, "ka san abokinka Alhaji Ja'afar mai tsokana zai je. Har ka mutu majalisarku ba za ta bar maganar nan ba."

"Na riga na faɗa, Hajiya."

Bayan azahar ya ɗauki yaran a mota don su yi gwaji da 'yan uwansu kafin jama'a su taru. Huraira ta tsaya ta gama kimtsa gida. Ta san mijinta sarai, ba ta shakkar cewa haƙoran suna aljihunsa, kafin ya kai shataletale sun koma mazauninsu.

Da ta shiga ɗakinsa neman makullin gida, sai ta gan su a cikin kofi a kan tebur, kusa da kwalbar turare. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta tsame su, ta naɗe a hankici mai tsafta, ta sa a jaka. An ce bayan taro akwai tsire.